Yaya Asabe Da Talabijin Marar Murya

Duk wanda ya zauna a Karu lokacin da gwamnati ta kwaso kayanta daga Legas ya san ɗakin Yaya Asabe: a cike da mutane, talabijin a kunne, amma tsit kamar ana zaman makoki. Ita ba ta kallon fim da murya. Da farko ta ce murya ce ke shanye mata batirin mota. Aka kawo wuta, ta ƙi buɗewa.

"Baki ɗan kasuwa ne," in ji ta. "Fuska ce ba ta iya ciniki ba."

Ni Kande, aminiyarta, ban yi boko ba, amma kaf unguwar nan babu wanda ya kai ni iya tsara zance. Shekara talatin ina neman ƙarya ɗaya tak da za ta wuce matar nan. Ɗaya!

Akwai Oga Bulus, ma'aikacin da ke haya a gidanta. Ranar nan ana kallon fim ɗin Indiya, wani mai gashin baki yana ta rusa kuka a kan gawa. Yaya ta ce, "Wannan shi ya kashe shi."

Oga Bulus ya ce, "Haba Mama! Ƙanin mamacin ne fa. Buɗe ki ji kiɗan tausayi."

"Kiɗan ba shi ya kaɗa ba. Dubi hancinsa, a bushe. Mai kukan gaske hancinsa ma kuka yake."

Da aka zo ƙarshe, sai ga mai gashin bakin da ankwa. Oga Bulus ya ɗauki takalmansa bai yi sallama ba.

Sau ɗaya na ga ta murɗa muryar har ƙarshe, a wani fim ɗin Hausa. An gaya wa wata mata ɗanta ya rasu, ta tsaya da ludayi a hannu ba ta ce uffan ba. Na ce, "Yaya, duk surutun da aka sha kin rufe, sai yanzu da aka yi shiru?"

"Yi mini shiru, shirun nake son ji."

Wallahi sai muka ji ludayin ya faɗi, ƙwal! Har Oga Bulus sai da ya share hanci.

Ni kuwa ta ce girata ta hagu ce ke tona ni. In na yabi miyarta alhali gishiri ya yi yawa, sai ta toshe kunnuwanta da yatsu, ta ƙura mini ido, ta ce, "Ƙarya!" Rannan na ja ɗankwali har kan ido na shigo ina cewa ban san wanda ya fasa mata tulu ba.

"Kande, ba a rufe tukunya sai da nama a ciki. Sayo mini tuluna."

Kai, Yaya!

Da ciwo ya kwantar da ita a asibiti, likita ya ja ni gefe ya ce a fara kiran 'ya'yanta. Na wanke fuska a famfo, na gyara ɗauri, na shiga da fara'ata.

"Yaya, an ce jibi za mu gida."

Ta ɗaga yatsun nan da suka rame, ta toshe kunnuwa, ta daɗe tana kallona. Ni dai na riƙe girar nan kamar mai riƙe da akuyar da ta ga ƙofa a buɗe. Can ta sauke hannu.

"To, na yarda. Yau kin ci ni, Kande."

Na fito ina cewa a raina, shekara talatin, yau dai na yi nasara. Sai da na kai bakin ƙofa na tuna yadda gefen bakinta ya motsa sa'ad da take faɗa. Ashe zama da ita bai tashi a banza ba, ni ma na iya karatun fuska. Ta sani sarai. Kyauta ta ba ni.

Allah ya jiƙan Yaya Asabe, ya haskaka kabarinta. Ya Allah, ranar da za a rufe bakuna, Ka dubi fuskarta da rahama.