Saiwar Duwatsun Abzin

Har yau idan na ji ƙanshin tagella, gurasar nan ta Buzaye da ake binnewa a toka da rairayi, sai in ga kaka zaune a tsakar gidanmu na Arlit. Daga Abzin babana ya ɗauko ta da rani, wai ta huta, ta baro lambunta da rijiyarta. Ba ta taɓa son garin nan ba. Cewa take an kafa shi kan faranti, ba inda ido zai jingina.

Baba direba ne, yana tuƙa masu binciken ƙasa cikin duwatsu, kuma duk abin da ya ji a mota sai ya kawo mana gida. Ran nan ya karɓe ƙullun kaka, ya raba biyu, ya tura su suka haɗu, tsakiyar ta yi tozo sama da ƙasa. Wai haka ƙasashe suka yi karo tun ba mutum a duniya, ɓawon ƙasa ya naɗe ya yi kauri, duwatsu suka tashi. Abin da muke gani kaɗan ne, saiwar tana can ƙasa. Inda kuma aka ja ƙasar ta miƙe, ɓawon sirara yake, ya lotsa, ruwa ya tara yashi a kai. A irin yashin nan ake haƙar uraniyom. Daga kauri da siranta, in ji shi, ake gane abin da ya faru.

Kaka ta fizge ƙullunta, ta ce ya ɓata mata gurasa da surutu. Can ta ce, "Kai da ka san ƙarƙashin dutse, yaushe za ka kai ni bisansa?"

Ya ce kamfani ya hana ɗaukar fasinja, ta bari sai hutu. Hutu ya zo, hanya ba lafiya. Damina ta wuce, wata ta wuce. A Arlit muka binne ta, kuma wallahi abin ya ci baba har ƙarshen ransa.

Yanzu ni ke koya wa yara labarin nan a lakwal, wato makaranta, da taswira. Bara na samu na je ƙauyen kaka a Abzin. Famfo mai aiki da hasken rana ne a lambun, jikokin wasu ke noma albasa. Wata tsohuwa ta ji ko jikan wa ne ni, ta riƙe hannuna, ta leƙa bayana wajen mota.

"Ita fa? Cewa ta yi in riƙa ba dabinonta ruwa kafin ta komo."