Filin Ƙwallon Unguwarmu

A wani shagon aski a Aziziyya, nan cikin Makka, na ga abin. Ina zaune ina jiran layi, talabijin na nuna wani makeken filin wasa a Amurka, ana irin ƙwallon nan tasu ta runguma da gudu. Wanzamin, wani ɗan Nijar mai surutu, ya ce sunan da ke jikin filin na wani baƙar fata ne, ɗalibin jami'a, baƙar fata na farko da ya buga wa makarantar wasa. Ya daɗe da mutuwa, amma ɗalibai suka yi ta matsa wa manya har aka sa sunansa.

"Baba, ka ga masu tunawa da nasu," in ji shi.

Na tashi na fita ban yi askin ba.

Mu ma mun yi namu irinsa a unguwarmu ta Zahir. Maƙwabcina ne, tare muka taso, kakanninmu duka da ƙafa suka zo Hajji suka zauna. Tare muke buga ƙwallo a wani fegi mai tsakuwa bayan masallaci, har ana cewa na fi shi ƙafa. Amma ni karatu ya ƙi ni, na koma dakon kayan alhazai a Mina. Shi ya wuce kwaleji, aka sa shi cikin 'yan wasanta. Kafin shi ba a taɓa ɗaukar ɗanmu ba.

Na je kallonsa. Duk sanda ya taɓa ƙwallo sai 'yan kallo su ɗauki ihun gorin da ake yi wa baƙaƙe irinmu, "Ya Takruni!" Ba ya ko waiwayawa. A wani wasa aka taka masa gwiwa da gangan, kowa ya gani, alƙalin wasa ya kau da kai. Ya ƙarasa wasan yana ɗingishi, don kada a ce namu ba su da juriya. Gwiwar ba ta sake daidaita ba. Sauran rayuwarsa tuƙin motar alhazai ya yi. Amma bayansa an ci gaba da ɗaukar yaranmu, yau ga su nan a talabijin, ba wanda ya san wa ya fara.

Da ya rasu ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. A nan Makka ba a rubuta suna a kabari, dutse kawai ake ajiyewa. Ko a yau ka kai ni maƙabartar ba zan gane wurin ba.

Bayan wasu shekaru hukuma ta gyara fegin nan, aka shimfiɗa ciyawar roba, aka kewaye shi da waya. Samarin unguwa suka ce a sa masa sunan marigayin. Umda, wato mai unguwa, ya ce ba ya ƙi, amma sai dattijon da ya san shi ya tsaya ya yi magana. Samarin suka zo gare ni bayan la'asar, a gaban mutane.

"Ya ammi, kai ne abokinsa. Kalma ɗaya kawai, khalas."

Na gyara zama na ce, "A garin da ko kabarin malami ba a sa wa suna, shi ne za ku rataya sunan mamaci a wurin wasa?"

Dattawa suka gyaɗa kai, don maganar ta yi kama da ta addini, kuma ba mai so a ce ya ja da addini. Wani tsoho har ya ce, "Sadakta, ya shaikh." Ni da ban haɗa izu biyar ba! Ba kabari ne a raina ba a ranar. Abin da ke raina shi ne a fegin nan ni ake yabo kafin shi, kuma ba wanda ya zo neman sa sunana ko a jikin bencin zama.

Wani mai shagon kujeru ya sayi fitilun filin, aka sa wa filin sunan shagonsa. Dattawan nan da suka gyaɗa min kai ba wanda ya ce uffan. Ashe sunan kujera halal ne.

Ƙanwar marigayin tana nan da rai, ta tsufa. Daga shagon askin gidanta na wuce, na ce mata zan koma wurin umda.

"Yaya, ka makara," ta ce daga bayan labule. "Na je da kaina bara. Ya ce abokinsa ma bai yarda ba, ni mace me zan ƙara?"

Duk da haka na je. Umda ya ba ni shayi, ya ce allon sunan ya riga ya hau, mai shagon kujerun kuma surukin wani babba ne.

Da yamma na bi ta filin. Samari na hutawa a gindin waya, yawancinsu jikokinmu ne, Hausar ma ba ta zauna a bakinsu ba. Na faɗa musu sunansa, sunan da aka roƙe ni in faɗa a gaban umda na ƙi. Ɗaya ya ɗago kai daga ɗaurin takalmi ya tambaye ni da Larabci, wai a wace ƙungiya yake bugawa yanzu.