Yatsan Nelda da Kunamar Bindiga

Ina shanya wanki a bayan gida, ranar Talata da tsakar rana, wayata ta yi ƙara. Wata nas ce daga asibitin garinmu. Ta tambaya ko ni ce Earline, don sunana Nelda Pruitt ta rubuta a takardarta. Na ce ni ce. Ta ce zuciyar Nelda ta tsaya, sun yi iya ƙoƙarinsu. Ban yi kuka nan take ba. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Ya taɓa ta?" Nas ɗin ba ta san wa nake nufi ba.

Doyle nake nufi, tsohon mijin 'yarta.

Ni da Nelda mun yi shekara ashirin da bakwai a masana'antar kaji, nan Arkansas, kafaɗa da kafaɗa, muna zare tsoka daga ƙashi a ɗaki mai sanyi kamar firji. Ta fi kowa sauri a layinmu, kuma aikin ne ya cinye mata hannu. Lokacin da muka ajiye aiki yatsunta sun karkace. Ba ta iya buɗe kwalba. Ni nake ɓalla mata maɓallan riga idan za mu coci, tana min tsiya wai hannuna sanyi. Duk da haka ba ta daina gasa burodin masara ba.

'Yarta ɗaya, Misty. Da Doyle ya karya wa Misty muƙamuƙi, Nelda ce ta tsaya a kotu ta ba da shaida, aka ɗaure shi shekara shida. Misty ta koma wata jiha, kuma uwarta kaɗai ta san inda take. Bana da bazara takarda ta zo cewa za a sake shi. Tun daga ranar Nelda ta daina zama a baranda. Mota ta taka tsakuwar hanya, sai ta yi shiru a tsakiyar magana.

"Ba ni yake nema ba, Earline," ta ce. "Adireshin yake so. Kuma ya san hannuwan nan ba su da ƙarfi."

Ba ta taɓa riƙe bindiga ba, amma muka tafi shagon bindigogi da ke bakin babban titi. Mai shagon ya dube ta, 'yar tsohuwa ƙarama, ya ɗauko mafi ƙanƙanta, mai mariƙi ruwan hoda.

"Ga taki, Mama. Ita mata suka fi so. Ba nauyi, tana shiga jaka kamar madubi."

Muka yarda. Haka kowa yake yi a nan, ƙaramar mace ƙaramar bindiga. Sai da muka jera gwangwanaye a bayan gidana don gwada harbi muka gane. Yatsanta ya kasa jan kunamar. Ta ƙara yatsa na biyu, da ƙyar harsashi ya fita. Bindigar ta zabura, ta tsage mata fatar babban yatsa, ta faɗi cikin ciyawa. Nelda ta tsaya tana kallonta, jini na ɗiga.

"In ya zo sai dai in jefe shi da ita," ta ce. Ta so ta yi dariya, hawaye suka riga ta. Saura kwana goma sha tara a saki Doyle a lokacin.

Da muka koma shagon, matar mai shagon muka tarar, Opal. Ta ga ƙyallen da ke yatsan Nelda, ta juya kan mijinta.

"Ka sake, ko? Kai dai tsawon mace kake aunawa, ba ka taɓa duba hannunta ba."

"To ai ba ta ce min komai ba."

"Idon naka na ado ne? Matsa."

Ta ba Nelda yatsanta ta ce ta matse iya ƙarfinta. Ta ce ƙanana marasa nauyi sun fi dukan hannu, kunamarsu kuma ta fi tauri. Ta ɗauko wata doguwa mai nauyi, mai ƙananan harsasai, wadda kunamarta ke da laushi.

"Wannan ai ta harbin kurege ce," in ji mijin.

"Ita za ta iya harbawa," Opal ta ce. "Je ka share gaban shago."

Kowace Lahadi bayan coci muke fita wurin gwangwanayen. Ni nake zuba mata harsasan, don yatsunta ba sa iya turawa. Ta rame a makonnin nan. Nima na daina cin abincin kirki.

Maƙwabcinta ne ya ba ni labarin abin da ya faru ranar Talatar da ta rasu. Doyle ya zo da hantsi, ya tsaya a ƙasan matakalar baranda, yana kiranta Mama, yana murmushi. Ta ce ya tafi. Ya tambayi inda Misty take, ya taka mataki na farko. Nelda ta riƙe bindigar da hannu biyu ta harbi katakon da ke gabansa. Ya ruga motarsa. 'Yan sanda suka tare shi a hanya, don kotu ta hana shi zuwa kusa da gidan. Ita kuma ta zauna a kujerar barandar, ta gaya wa maƙwabcin ƙirjinta ya yi nauyi.

Bai taɓa ta ba, bai kuma sami adireshin ba. Ramin yana nan a katakon, bai kai kan ɗan yatsa ba.

Lahadin ƙarshe kafin ta rasu, ta kayar da gwangwani huɗu cikin shida. Muna zaune a bayan motata, na ce ta gaya min inda Misty take, ko don halin rayuwa.

"A'a," ta ce. "Abin da ba ki sani ba, ba zai zo nema wurinki ba."

"Kina tsoro, Nelda?"

"Kamar in mutu. Ke fa?"

"Nima."

"To ɓalla min maɓallin nan, tsohuwa, iska na shiga. Kai, wannan hannu naki da sanyi yake."