Kantun Gishiri a Akwatin Murjani

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma ne, ranar Laraba. Mu uku ne a ɗakin: ni, da maiɗakina, da malamin kimiyya ɗan ƙasar Filifin wanda nake aiki a ƙarƙashinsa a ɗakin gwaje-gwaje na wata sakandare a yankin Ikara. Lokacin mulkin soja ne, an tsuke bakin aljihu, ba a sabunta masa kwantiragi ba. Da zai koma ƙasarsu, ya sayar da mota da firji. Abu ɗaya ya ƙi sayarwa, shi ne ya kawo gidana a kwatas: akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da duwatsu a ciki, a jikinsu kuma wasu abubuwa masu laushi suna kaɗawa kamar ciyawa a iska.

Ya ce murjani ne mai taushi, dabbar teku ce, ba tsiro ba.

Maiɗakina ta leƙa ta ce, "Malam, wannan ne murjani? Wanda innata ta bar mini dai ba ya motsi."

Ya yi dariya, ni ban yi ba, domin amana ake ba ni. Ya ce in riƙe har wani abokinsa ya zo daga Legas ya ɗauka. Sannan ya jera mini ƙa'idoji. Na farko, fitilar saman akwatin ta yini a kunne. Na biyu, kada ruwan ya tsaya cik, shi ya sa akwai ƙaramin famfo na lantarki. Na uku, kada ruwan ya yi zafi. Na ƙarshe, wanda ya fi nanatawa: idan za a canja ruwa, gishirin da ya bari a buhu kaɗai za a dama.

Da damina da lokacin sanyi komai ya tafi daidai. Da safe in an kunna fitila sai murjanin su buɗe, su miƙe ƙananan yatsunsu. Abokin na Legas bai zo ba.

Da bazara ta shiga sai abubuwa suka lalace bi da bi. Wuta ta fara ɗaukewa yini guda. Na tsara aiki: in ina gida ni ke motsa ruwan da ludayi, in na fita maiɗakina ke yi. Muka naɗe akwatin da jiƙaƙƙen buhu kamar yadda ake yi wa tulu. Sai gishirin ya ƙare. Na zaga kasuwar Makarfi, na je Hunkuyi, na shiga kantunan Zariya. Wani mai kanti ya ce da ni, "Maigida, madarar gwangwani ma layi ake yi mata, kai kana neman gishirin teku?" Ruwan ya fara dushewa. Murjanin suka tsuke, suka daina buɗewa.

A makon da zafi ya fi tsanani, surukina ya zo daga Janfalan ina wurin aiki. Dattijo ne mai shanu, kuma bai taɓa zuwa gidanmu hannu sake ba. Da na dawo na tarar da shi a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Na cire takalmi, na durƙusa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sannan ya dubi 'yarsa, domin ba ya yi mini doguwar magana kai tsaye.

"Ki gaya wa maigidanki na duba dabbobin nasa. Rashin gishiri ne. Haka saniya take yin yaushi. Na marmasa musu kantu."

Kantu shi ne dunƙulen gishirin da ake ba shanu su lasa. Na hangi akwatin daga inda nake. Ruwan ya koma kalar koko.

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Baba."

Babu wata magana da ɗan mutunci zai faɗa wa surukinsa bayan wannan. Ban tashi ba sai da ya ci abinci, na raka shi bakin titi. Da na dawo na tace ruwan da farin ƙyalle, na sake tacewa. Wuta ba ta dawo ba.

Maiɗakina tana riƙe da ludayi ta ce, "Na ce masa, Baba, an hana. Ya ce wa ya hana, mutumin da ya gudu?"

Murjani mai taushi ba ya barin ƙashi. Narkewa yake yi, ya zama yauƙi mai wari. Manyan suka fara. Wani ƙarami a gindin dutse ya ɗan buɗe wata safiya, har na kira maiɗakina ta gani. Shi ma ya bi su. Na wanke duwatsun, suna nan a cikin kwalla har yau, ko mai su zai aiko.

Surukina ya rasu yana ganin ya taimaka, kuma ban taɓa canja masa wannan tunanin ba. Amma duk bazara maiɗakina takan tambaye ni, "Malam, tsakani da Allah, Baba ne ya kashe su?" Nakan ce zafi ne. Ban sani ba ko gaskiya nake faɗa.

Mai karatu, idan kana kiwon irin wannan halitta, ko ka san mai yi, ina roƙonka ka bincika mini: zafin ne, ko tsohon ruwan, ko kantun? Ka aiko mini da amsa ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu, ko da ba mai daɗi ba ce. Matar nan ta tsufa, ina so in ba ta amsar da na tabbatar.