Ranar da Muka Kai Inna Mina

Inna ba ta roƙe mu komai ba sai abu guda: a mayar da ita Gadarif ta ƙasar Sudan, ta mutu inda aka binne mahaifinmu. Aikin hajji ya kawo mu Jidda, zama ya riƙe mu a unguwar Karantina, cikin ɗakunan katako da gwangwani. Da tari ya fara cin ta, ba ta da magana sai ta jirgin Bur Sudan.

Abin tsoron shi ne likitan mina, wato tashar jirgin ruwa. A gindin tsanin jirgi yake tsayawa, ya ja fatar idonka, ya taɓa goshinka. In ya ji zafi, halas, magana ta ƙare, sai rumfar marasa lafiya da ke bayan shinge. Ba kowa ke fitowa daga rumfar nan da ƙafarsa ba. Zazzaɓin Inna kuwa yana da lokacinsa. Da safe jikinta sanyi ƙalau, rana na yin tsaka sai ya taso.

Yayana ne zai tafi da ita, shi da matarsa, don iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta ƙare. Ana gobe tafiya ya ce sammako za a yi.

"Daga sallar asuba sai mina. Mu zama na gaba a layi, likita ya duba ta tun jikinta da sanyi."

Na ce, "Yaya, wa ya gaya maka likita na sammako? A bar ta a inuwa, ana shafa mata ruwa. Jirgi na yin kukan farko in samo mota."

"In an rufe ƙofa fa? Goya ta za ka yi ka yi iyo har Sudan? Kai da ko izu biyar ba ka haɗa ba, kai za ka koya mini tafiya?"

Inna ta ce daga kan tabarma, "Ku bari. Babba ya faɗa. Mu da asuba muke fita, tun idon mutane bai buɗe ba."

Shi ke nan. Ƙane ba shi da baki.

Matan unguwa suka yi mata kwalliya don a ruɗi likita. Suka zizara mata kwalli, suka ba ta goro bakinta ya yi ja. Wata ta ba ta baƙin mayafi mai kauri, wai ta fito kamar hajiyar gidan arziki, kada a raina ta.

Mun isa gari bai gama wayewa ba, muka tarar da mutane kwance a bakin ƙofa kamar an zubar da buhuna. A nan suka kwana. Ba mu ne na gaba ba, ba mu ma kusa da gaba. Jirgin na tsaye, baƙi, ko hayaƙi babu. Teku ta kwanta shiru kamar narkakkiyar dalma, tana warin mai da ruɓaɓɓen kifi.

Hantsi ya yi, babu likita. Babu inuwa ko ta tafin hannu, sai siminti. Na miƙa wa Inna ruwa, ta kau da kai. Babu makewayi a wurin, ta ce ba za ta tsuguna a gaban maza ba. Tarin ma haɗiye shi take yi, kada askari ya ji. Na ce ta cire mayafin, matar Yaya ta ce, "Haba, a ga ƙasusuwanta?"

Wajen azahar aka wuce da wani tsoho a naɗe cikin tabarma, ƙafafunsa na lilo. Inna ta bi shi da ido har shinge. Kwallin ya fara gangarowa a kumatunta. Na taɓa hannunta, zafi kamar murfin tukunya. Na dubi Yaya, ya dubi jirgi.

Sai bayan la'asar likita ya iso, da lema a kansa. Askarawa suka hau ihu, "Yalla, yalla!" Muka ɗaga Inna, ni dama, Yaya hagu. A gindin tsani ta ce mu sake ta, ta miƙe da kanta, har da murmushi. Likita bai ma ja idonta ba. Bayan hannu ya ɗora a goshinta, ya nuna shinge da haɓa.

Yaya ya yi ta "ya doktor, rana ce kawai, wallahi rana ce." Askari ya tura shi sama da sanda, shi da matarsa. Wanda iƙamarsa ta ƙare ba ya komawa gari. Yana ta waiwaye yana kiran sunana. Ban amsa ba, har yau kuma ban amsa ba.

Ni na goya ta zuwa rumfar. Ba ta da nauyi. Na shimfiɗa ta kusa da tsohon nan na tabarma, an riga an rufe masa fuska. Na cire mayafin na jefar, na ɗura mata ruwa, yanzu kam ta sha.

Da jirgi ya yi kuka, kwanon rumfar har rawa ya yi. Ta buɗe ido.

"Auta, mun tashi ne?"

Na ce, "A'a, Inna. Su suka tashi."

Ta juya fuskarta wajen bango. Ba ta ƙara ambaton Gadarif ba, kuma ba ta ga watan da ya biyo baya ba.