Lasifika Biyu, Kunne Ɗaya

Ranar da Yaya ya kawo lasifikarsa gidanmu na Yakasai, mota ba ta iya shiga lungunmu ba, kamar yadda ba ta taɓa iyawa ba. A bakin titi aka sauke kwalaye huɗu aka ɗora a baro, shi kuma yana biye, hannunsa a kan kwalin sama, yana ta cewa a bi a hankali kamar mai raka mara lafiya asibiti. Kafin su iso ƙofar gida maƙwabta uku sun yi masa murnar sabon firji.

Yaya shi ne babba a gidanmu, ni ce auta. Yana da gidansa a waje, can sabuwar unguwa, da falo wanda za a iya sukuwar keke a ciki. Ya ce don kansa ya sayi kayan, yana son wurin da zai riƙa zama ya saurari kiɗa cikin natsuwa. Na tambaye shi me ya samu falon nasa. Ya ce duk tayil ne da gilashi, sauti sai ya yi ta karo da bango yana dawowa, ginin ƙasa mai kauri irin shigifar Baba shi ne ya dace. Na ce to, Allah ya sa alheri. Kowa a gidan ya san ainihin dalilin, ba wanda ya faɗa ne kawai, don mu a gidanmu ba a faɗin abu kai tsaye.

Dalilin wani tsohon kaset ne. Ina jaririya a goye, Baba ya tafi Makka ya yi shekara uku yana sayar da huluna. A lokacin saƙo a kaset ake ɗauka a ba alhazai su kai. Kaka, mahaifiyar Baba, ta zauna gaban rikoda ta yi ta zuba, Hausa da Barbarci a gauraye, don asalinmu mutanen Barno ne. Ta yi gaisuwa, ta ba da labarin akuyar da ta haifi uku, da wanda ya rasu, da indararon da ya karye. Can wajen ƙarshe ana jin baffanmu yana cewa a kira uwar yara ita ma ta ce wani abu. Sai shiru. Sai Kaka ta ce, "Ta ƙi." To ina Inna za ta yi wa miji magana a gaban suruka, a cikin na'urar da kowa zai ji? Daga nan sai hucin kaset na ɗan lokaci, sai tarin Kaka, shi ke nan.

Baba ya dage a kan cewa a cikin wannan hucin Inna ta yi magana. Ya ce shi ya ji a Makka, da ya manna rikodar a kunnensa. Mu mun saurara ya fi a ƙirga, ba mu ji komai ba. In muka ce to me ta ce, sai ya ce, "Ba da ku take ba." Inna kuwa da ranta, in aka tambaye ta sai ta tuna ta bar wani abu a kan wuta. Ta rasu kafin a fara ɗaukar muryar kowa a waya, ba ta bar mana tata a ko'ina ba.

Sai kunnen Baba ya fara tafiya. Na hagu ya rufe gaba ɗaya, na dama kuma likita ya ce yana bin sahu. Wata safiya ina zuba masa kunu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, fuskar Inna yana ganinta tar, muryar ce ta fara ɓace masa. Na kira Yaya na faɗa masa, ya kashe waya. Wata biyu bayan nan sai ga baro.

Baba yana zaune a kan buzunsa, jikin bangon gabas inda yake zama tun kafin a haife ni, aka fara buɗe kwalaye. Lasifika biyu ne na katako mai sheƙi, kowace da ƙafarta ta ƙarfe, sai amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, mai nauyin dutsen niƙa, sai rikodar kaset da Yaya ya ce ya sha wahala kafin ya samo, sai wayoyi masu kaurin yatsa. Yaya ɗan fari ne, don haka Baba bai taɓa kiran sunansa ba, magana ma ba ya yi masa kai tsaye in da wani a wurin. Ta bakina take bi.

"Ki tambayi yayanki, masallaci zai buɗe min a ɗaki?"

Yaya yana durƙushe taku biyu daga gare shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a Baba, na saurare ne."

Baba bai ji ba. Na matsa kusa da kunnen dama na maimaita da ƙarfi. Haka na zama tafinta tsakanin mutum biyu masu yare ɗaya, a ɗaki ɗaya.

Abin da ya biyo baya kwana uku aka yi ana yinsa. Da farko Yaya ya tsaya tsakiyar shigifa ya tafa hannu, ya kasa kunne, ya matsa kusurwa ya sake tafawa. Mutumin da gemunsa ya fara furfura. Baba ya ce in tambaye shi ko biki ake bai sani ba. Sannan ya ari tef ɗina na awon ɗinki, ya auna daga bango zuwa lasifika, daga wannan zuwa waccan, ya ɗaura zare ya ja ya yi kusurwa uku a ƙasa. Ya matsar da ta hagu da faɗin yatsa biyu, ya koma baya ya ƙura mata ido, ya mayar da ita inda take. Tagar ƙarfe tana kakkarwa in sauti ya yi nauyi, ya cusa mata ƙyallayen ɗinkina. Ya sauke agogon bango don wai ƙararsa tana shiga. Fanka ma ya ce a kashe, a watan da ko ƙadangare ba ya fitowa da rana.

Na ce, "Yaya, in mun suma wa zai saurara?"

Ya ce, "Ke auta, ba ki san komai a kan sauti ba."

Gaskiyarsa ne, ban sani ba. Amma na san gidanmu, shi kuma da alama zaman waje ya mantar da shi. A rana ta uku ya shigo da kujera guda ɗaya, mai hannu, ya ajiye ta daidai inda zaren nan biyu suka haɗu, a tsakiyar ɗaki. Ya ce duk aikin nan don wannan wurin aka yi shi. Wanda ya zauna a nan, kunnensa daidai tsayin lasifika, shi ne zai ji komai. Taku ɗaya gefe, rabin abin ya tafi.

Na kalli kujerar na kalli Yaya, dariya ta kusa ƙwace min. A shigifar Baba ba a zama a tsakiya. Baƙo ko ɗan gida, kowa bango yake nema ya jingina, a ƙasa, a kan darduma. Tsakiyar ɗaki wurin tiren abinci ne. Wato Yaya ya kwana uku yana awo don tuwo da miya su ji kiɗa da kyau.

Baba ya ce shi ba zai hau kujera a tsakiyar ɗakinsa ba kamar wanda za a yi wa aski. Yaya kuma ba shi da ikon hawa, don ba zai zauna a sama mahaifinsa yana ƙasa ba. Kujera ta tsaya ita kaɗai, babu mai ita. Yaya ya yi ta bayani, ta bakina, cewa lasifikar hagu ta kunnen hagu ce, ta dama ta kunnen dama, a tsakiya suke haɗuwa. Baba ya saurara har ƙarshe.

"Ki ce masa ni ɗaya ya rage min. Ya mayar musu da ɗayar."

Yaya ya yi dariyar dole, ya janye kujerar ya kai ta zaure. Sai ya ciro kaset ɗin daga aljihun gaba, a naɗe cikin hankici. Nan dariyata ta ɗan lafa.

Bayan Azahar ne aka kunna. Muryar Kaka ta cika ɗakin, har na waiwaya ƙofa, don kamar ta shigo. Akuya ta haifi ukunta, indararo ya karye, baffa ya ce a kira uwar yara, Kaka ta ce ta ƙi. Huci ya zo ya wuce. Tari. Ni ina jikin bangon yamma, ban ji komai ba. Yaya yana tsugune gefen rikoda, bai ji komai ba. Baba ya karkata kunnensa na dama, idonsa a rufe, har kaset ya tsaya.

"An wuce wurin?" ya tambaya.

Na ce an wuce.

Ya gyaɗa kai ya jawo carbinsa. "To. Ki ce masa ya yi ƙoƙari."

Ban taɓa jin tausayin mutum biyu lokaci guda irin na ranar ba. Haushi kuma ya kama ni, na katakon nan masu sheƙi, da zare, da tafi, da zufar da muka sha a banza. Na tashi na shiga cikin gida don kada in faɗi abin da zan yi nadama, na haɗo abincin rana a tire.

Da na dawo Yaya ya mayar da kaset baya yana sake sauraron ƙarshen, shi kaɗai, don taurin kai. Na wuce tsakiyar ɗaki kamar kullum, na sunkuya zan ajiye tire. Kaina yana daidai inda kan mai zama a kujera zai kasance lokacin da Kaka ta ce ta ƙi. Huci ya fara. Can a bayansa, ta hannun dama, nesa kamar daga bakin ƙofa, wata murya ƙasa-ƙasa ta yi magana.

Allah ne ya sa tiren ya riga ya kusa ƙasa. Shekara goma sha rabona da wannan muryar, amma jikina ya gane ta kafin kaina.

Na ce, "Yaya, mayar." Ya mayar. Na tsaya a sunkuye, hannuna a gwiwa, na sake ji. Na jawo shi ta hannun riga na sunkuyar da shi a wurin, ni da ban san komai a kan sauti ba. Na ga fuskarsa lokacin da ya ji.

Na je na durƙusa kusa da kunnen Baba. "Baba, tana nan. Na ji ta. Amma sai a tsakiya."

Ya dube ni. Sannan ya dafa bango ya miƙe, ya sunkuya ya ɗauki buzunsa da kansa. Wurin da ya tashi ya bar alama a darduma, launinsa daban da sauran. Na janye tire, ya shimfiɗa buzu a inda zare ya haɗu, ya zauna a ƙasa.

Saura tsayi. Lasifika suna can sama a kan ƙafafunsu na ƙarfe, suna magana da iskar da ke saman hular Baba. Yaya ya kalle su, ya kalli awonsa na kwana uku. Ya ce in ɗauko masa kujerun tsuguno guda biyu daga tsakar gida, irin waɗanda muke zama a kai in muna girki. Ɗaya ma ta Inna ce, mai tsagaggen gefe. Ya rungumo lasifikar nan masu daraja ɗaya bayan ɗaya ya ɗora su a kai, ya matso da su kusa, ya karkata ta dama ta kalli kunnen Baba. Bai nemi tef ɗin awo ba. Ya ƙara sauti ya kunna.

Kaka ta ce, "Ta ƙi."

Huci. Sannan Inna, da muryarta ta ƙuruciya, tana yi wa surukarta raɗa daga bakin ƙofa: "A ce masa ɗakinsa na nan, kullum ina sharewa."

Kaka ta yi tari. Ba ta isar da saƙon ba, kaset ya ƙare.

Baba bai motsa ba. Carbin ya tsaya a hannunsa. Ɗakin da take nufi shi ne wannan da muke ciki, da zare a ƙasa da ƙyallaye a taga. Na ji kunya ta kama ni kamar na leƙa inda bai kamata ba, kuka kuma yana neman ƙwace min.

Sai Baba ya juya. Ban ga ya nemi inda nake ba. Ya dubi Yaya, ido cikin ido.

"Kai," ya ce. "Allah ya yi maka albarka."

Yaya ya sunkuyar da kai.

"To kun ji," in ji Baba. "Ba da ku take ba. Ku fita."

Muka fita tsakar gida muka tsaya a rana, ni da mai lasifika, wanda har yau bai saurari kiɗa ko ɗaya a ɗakin nan ba. Yana ta goge fuska da hular hannunsa yana cewa zafin nan ya yi yawa, da ma an bar fankar a kunne. Na ƙyale shi da maganarsa, karo na farko a rayuwata.

Daga cikin shigifa muka ji an danna maɓalli, kaset yana komawa baya.