Zomon da Aka Raɗa wa Suna

A Ushafa, ranar da Kaka za ta gasa tukwanenta ita ce ranar tatsuniya. Rana na faɗuwa sai ta jera su, ta lulluɓe da itace da busasshiyar ciyawa, ta cinna wuta. Mu jikoki mu zauna can gefe muna kallon tartsatsi yana ta hawa sama, har ka rasa wanne ne tauraro. A bayanmu zomayenta na cikin tsohon rumbu suna cin ganyen dankali. Doka ɗaya ce a kansu, ba a raɗa musu suna.

"Ku buɗe kunne, ga ta nan tafe," in ji ta.

Wai Cuta makauniya ce. Gida-gida take bi tana kiran sunaye, wanda ya amsa sai ta shige jikinsa. Zomo kuwa ba shi da suna, don haka kullum wuce shi take yi. Rannan wata yarinya ta tsinci ɗan zomo a gona, ta so shi har ranta, ta sa masa Fari. Ashe Cuta na laɓe a bayan danga. Da gari ya waye ta ari muryar yarinyar ta kira, shi kuma ya amsa.

"Ya mutu, Kaka?"

"Tukunyana ya nuna, tatsuniya ya ƙare," in ji ta da Hausarta ta Gbagyi. "Ku tashi, masu kunnen zomo!"

Yanzu a Jikwoyi nake. 'Yata Salamatu tana da zomo, sunansa Auduga, a gefen gadonta yake kwana. Kwana uku ke nan bai ci komai ba, kunnensa ɗaya ya yi ƙuraje. Mun kai shi wurin likitan dabbobi a Utako, na tarar da layi, kowa rungume da nasa. Na ce wa likitan ai a da zomaye ba sa ciwo haka.

Ya yi dariya. "Madam, a da wa ke kawo su?"

Sai na tuna. Duk zomon Kaka da ya yi laushi da safe, da yamma yana cikin miya, ba wanda ya ce ciwo ya yi. Ban san ko cutar ta ƙaru ba. Abin da na gane shi ne ba zomaye Kaka ke karewa da dokarta ba, mu take karewa daga kuka.

Kuskurena, na taɓa ba Salamatu tatsuniyar. A mota ta dube ni, kwalin da Auduga ke ciki na kan cinyarta.

"Mama, ni na ja masa? In na daina kiran sunansa zai warke?"

Tausayinta ya kama ni. Likita bai yi mana alkawarin komai ba, ni ma ban yi mata ba.

"Kira shi," na ce.

Ta sunkuya ta kira a hankali. Ya ɗago kunne ɗaya, mai ciwon.